Mai neman maganin ƙwaƙwalwa, tsaya mu auna tukuna

A makon jiya na yi alkawarin za mu ci gaba da bayani kan yadda ake ajiye maganin ruwa na yara a lokacin zafi. Ku yi mini afuwa, na ɗaga shi zuwa mako mai zuwa, saboda wata magana da ta tsaya mini a rai tun watannin baya, wadda sai yanzu na ga ta nuna da za a iya kawo ta nan.

Wata ranar Asabar bayan La'asar, wata baiwar Allah ta shigo kantinmu na magani a nan Tirwun, tana riƙe da hannun ɗanta mai shekara tara. Bayan mun gaisa sai ta rage murya ta ce, "Malama, maganin ƙwaƙwalwa nake so, mai ƙarfi. Wanda aka ba ni a baya kwalba biyu ya sha, ba mu ga komai ba." Na ce, "Hajiya, me ya sami ƙwaƙwalwar tasa?" Ta ce yana aji huɗu amma har yau ko sunansa ba ya rubutawa daidai. Ƙanwarsa da ke aji biyu ta fara haɗa baƙi, shi kuwa ko oho. Babansa ya yi duka har ya gaji, malamin aji ya ce daƙiƙi ne, kakarsa ta ce sammu ne. An yi rubutu an sha, an ci zabibi da zuma, an canza makaranta sau biyu.

Duk wannan bayani a gaban yaron ake yin sa. Kansa na ƙasa, yana murza bakin rigarsa. Sai na ce masa, "Yarona, zo ka taya ni lissafi. Mutum ya sayi magani na naira ɗari bakwai da hamsin, ya ba ni dubu biyu, nawa zan mayar masa?" Kafin in rufe baki ya ce, "Dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin, Anti." Uwar ta yi dariya ta ce ai shi ne mai tsare mata sana'ar ƙanƙara a gida, ba a taɓa cutarsa ko naira biyar ba. Kuma ya haddace izu biyar a Islamiyya, da ka, in dai an biya masa.

Ban sayar mata da komai ba a ranar. Kwalbar da take nema kuɗinta ya kai na mudun shinkafa uku, kuma na san ba za ta yi abin da ake so ta yi ba.

A wannan aiki namu, abu na farko da ake cusa mana shi ne zafin jiki alama ce, ba shi ne cutar ba. Uwa za ta taɓa goshin yaro ta ji zafi, ta ce maleriya ce, a ba ta maganin maleriya. Alhali ciwon kunne na kawo zafin jiki, ciwon huhu na kawowa, taifot na kawowa, ƙyanda na kawowa. Shi ya sa tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa gwada jini kafin a ba da maganin maleriya. Ma'aunin zafin jiki zai gaya miki yaro ya kai 39, amma ba zai gaya miki dalili ba.

Na kawo wannan maganar a gida da dare, sai maigidana, wanda shi harkar banki ya karanta, ya ce ai su ma masana tattalin arziki irin wannan ciwon kan suke fama da shi, har kalmar zafi suke amfani da ita. Bayanin da ya yi mini ya taimaka mini wajen fahimtar matsalar yaron nan, don haka ku ba ni dama in ɗan ratse, ba zan daɗe ba.

Idan aka ce tattalin arzikin ƙasa ya ɗau zafi, ana nufin kuɗin da ke hannun jama'a da abin da suke son saye sun fi ƙarfin abin da gonaki da masana'antu za su iya samarwa. Kamar janareta ne da aka jona masa firji da dutsen guga da injin ruwa a lokaci guda. Tashin farashi shi ne zafin goshi, shi kowa ke fara ji. Amma masana ba sa tsayawa a kansa. Suna duba ko masana'antu na aiki ba dare ba rana har sun kasa cika oda, ko ma'aikata sun yi wuyar samu har albashi na ta hawa, ko bankuna na ta zuba bashi. In duk waɗannan sun haɗu, to zafin na gaske ne, kuma maganinsa a ƙara kuɗin ruwa domin mutane su rage cin bashi da kashe kuɗi. Haka ta faru a Amurka a 2022. A watan Yuni na shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 cikin ɗari, rashin aikin yi kuma bai kai kashi 4 ba, kamfanoni na neman ma'aikata ruwa a jallo. Babban bankinsu ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili zuwa sama da kashi 5 cikin ɗari a 2023.

To mu fa? Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Babban Bankin Najeriya ya bi da ƙarin kuɗin ruwa, daga kashi 18.75 a farkon shekarar zuwa 27.5 a watan Nuwamba. Amma duk wanda ke shiga kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal ya san ba yawan kuɗi ne ya yi wa jama'a katutu a aljihu ba. An cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, darajar naira ta faɗi bayan nan, kuɗin mota ya ninka, taki ya yi tsada, manoma a wasu yankuna sun kasa zuwa gona. Mu masu sayar da magani mun ga abin da idonmu, domin yawancin magunguna ko sinadaran haɗa su daga waje ake shigo da su. Farashi ya tashi a can Amurka ya tashi a nan, amma dalilan ba ɗaya ba ne. Masana har gobe suna jayayya kan yawan amfanin da ƙarin kuɗin ruwa ya yi mana, ni kuwa ba fagena ba ne, ba zan yanke hukunci ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shi kansa ma'aunin ana canza shi. An ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi a Najeriya ya kai kashi 33.3 cikin ɗari. A 2023 sai aka ji ya koma kashi 4.1. Ba ayyuka ne suka sauko daga sama ba, hanyar ƙirgen aka sauya, ya zama duk wanda ya yi aikin neman kuɗi na awa ɗaya a mako an lissafa shi cikin masu aiki. Haka ma a farkon 2025 aka sabunta yadda ake auna farashi, adadin ya sauko daga 34.8 zuwa 24.48 a wata guda, alhali kuɗin mudun masara bai san an yi ba.

Mu dawo kan yaronmu. Takardar sakamakon jarrabawa da ke cewa ya zo na 58 cikin 60 ita ce zafin goshi. Ta gaya mana akwai matsala, ba ta gaya mana wace iri ba. Bulala da kwalbar maganin ƙwaƙwalwa kuwa magani ne da aka ba da kafin gwaji.

Ga abin da na ce wa Hajiya mu fara dubawa, kuma shi nake ba kowace uwa shawara.

A fara da ido da kunne. Yaro da yawa da ake kira dolo allon aji ne kawai ba ya gani daga bayan aji, kuma bai san sauran yara suna gani ba balle ya yi ƙorafi. Wanda kunnensa ya sha zubar da ruwa yana ƙarami zai iya rasa wani ɓangare na jinsa, ya riƙa jin magana amma ba ya rarrabe sautuka masu kama da juna. Ana gwada duka biyun a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke nan Bauchi.

Sai jini. Ƙarancin jini, wanda tsutsar ciki da yawan maleriya da rashin abinci mai gina jiki ke kawowa, yana sa yaro kasala da rashin natsuwa a aji. A gwada kafin a sayi maganin ƙarin jini, musamman in yaron mai sikila ne, domin su ba a ba su sinadarin ayon haka kawai. Masu sikila kuma wani lokaci jini kan toshe a ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwarsu ba tare da an ga wata alama a jiki ba, sai dai a ga karatu ya ja baya. Akwai kuma wata irin farfaɗiya da ba a faɗuwa, yaro zai ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi kamar ya tafi wata duniya, ya dawo bai san abin da ya wuce ba, sau da yawa a yini. Wannan tana da magani, likita ne zai gano ta.

Abu na gaba ya shafe mu mu masu kantin magani kai tsaye. Wasu magungunan da iyaye ke ba yara da kansu su ne ke sa su barci a aji. Maganin mura mai sa barci, da maganin ƙara cin abinci mai sinadarin cyproheptadine da iyaye mata ke so saboda yaro ya yi ƙiba, duk suna kashe jiki. Na tambayi Hajiya sunan kwalabe biyun da yaron ya sha, ɗaya daga ciki irin wannan ne. Wato an sayi maganin buɗe ƙwaƙwalwa, an samu mai sa gyangyaɗi. Sannan kada a manta da gubar dalma. Mun ga abin da ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, waɗanda suka rayu kuma da yawa ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Kwallin dutse da muke rambaɗa wa jarirai yakan ƙunshi dalma. Na san wannan maganar ba ta yi wa kakanni daɗi, amma gaskiya ce.

Yaron Hajiya an duba shi, ido lafiya, kunne lafiya, jini ba laifi. Saura tambaya mafi nauyi, wadda ba a asibiti ake amsa ta ba: shin an taɓa koya masa karatun kuwa?

Kada ku yi mamakin tambayar. Akwai wani gwaji da ake kira EGRA, inda ake ba yaro ɗan gajeren labari a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai cikin minti ɗaya. Da aka yi shi a makarantun gwamnati na jihohin Bauchi da Sakkwato a 2013, mafi yawan 'yan aji biyu ko kalma ɗaya ta Hausa ba su iya karantawa ba. Bankin Duniya kuma a 2022 ya ƙiyasta cewa kusan yara tara cikin goma 'yan shekara goma a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta ɗan sauƙaƙan labari su fahimce shi. Ba zai yiwu a ce duk waɗannan yaran larura gare su ba. Aji mai yara ɗari, malami ɗaya, babu littafi, ana maimaita abin da ke kan allo da baki cikin Turancin da shi kansa yaron bai ji ba, ta ina karatu zai shiga? Wannan ne ya sa aka kawo shirin littattafan Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato bayan 2015, domin koya wa 'yan aji ɗaya zuwa uku karatu da Hausa ta hanyar sautin baƙaƙe.

To a nan wahalar take. A ƙasar da kusan kowane yaro ke iya karatu, wanda ya kasa nan da nan ake ganin sa. A wurinmu kuwa ya ɓace cikin taro, kamar neman mai zazzaɓi ne a tsakiyar rana a watan Afrilu, kowa ka taɓa jikinsa da zafi. Hanyar da ta fi dacewa da mu ita ce a koyar tukuna, sannan a auna. A ba yaro koyarwa mai kyau, da harshen da yake ji, kullum, na wata uku zuwa shida. Wanda rashin koyarwa ne matsalarsa za a ga ya zabura. Wanda ya ci gaba da tafiyar hawainiya alhali sa'o'insa sun wuce, kuma ga shi da wayo a komai, to shi ne ake zargin yana da abin da likitoci ke kira disleksiya.

Disleksiya larura ce ta wahalar koyon karatu da rubuta kalma daidai, wadda ba ta da alaƙa da ƙarancin basira. Wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, shi ya raɗa mata wannan suna a shekarun 1880. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Percy, mai kaifin basira, gwanin lissafi, amma ko sunansa in ya zo rubutawa sai ya juya baƙaƙen. Malaminsa ya ce da a ce da baki kawai ake karatu, da ya fi kowa a makarantar. Da na tuna wannan labari sai na ga kamar yaron Hajiya ake kwatantawa, shekara ɗari da ashirin da wani abu kafin a haife shi.

Da farko an ɗauka matsalar ido ce, har ana kiran ta makantar kalma. Binciken da aka yi daga baya ya nuna ba a ido take ba, tana wajen yadda ƙwaƙwalwa ke rarraba sautukan da ke cikin magana ne. Ni da ke in muka ji "kaza" mun san akwai "ka" da "za", kuma a cikin "ka" akwai sauti biyu. Mai disleksiya yana jin kalmar a dunƙule, kamar curin fura, yana shan wahala kafin ya ɓare ta. Karatun boko kuwa gaba ɗayansa ɗaura sauti ne a kan alama. Yawancin ƙiyasi na cewa yara biyar zuwa goma cikin ɗari suna da ita, ke nan a ajin yara sittin ba za a rasa uku ko fiye ba. Tana bin jini. Da na faɗi haka sai Hajiya ta yi shiru, can ta ce ƙanin mijinta babban ɗan kasuwa ne, amma har yau saƙon murya yake turawa a WhatsApp, ba ya rubutu.

Akwai ɗan gwajin da uwa za ta iya yi a tsakar gida ba tare da takarda ba. Ki ce wa yaro, faɗi "kujera". To cire "ku", me ya rage? Ya kamata ya ce "jera". Faɗi "kaza", sa "m" a madadin sautin farko, ya ce "maza". Ki tambaye shi kalmomin da suka yi amo ɗaya da "rana", irin su "bana" da "gana". Ku tafa hannu kuna rarraba gaɓoɓin "ta-bar-ma". Ki lura ko yana iya zaurance da sa'o'insa, domin wasan nan juya gaɓoɓi ne zalla. In ya fara sanin baƙaƙe, ki rubuta masa kalmomin da ba su da ma'ana, kamar "mizo" ko "lafu", domin waɗannan ba ya iya cinkar su ko ya ce ya haddace. Yaron Hajiya, mai lissafin canji kafin ƙiftawar ido, ya kasa cire "ku" daga "kujera". Ya yi ta ƙoƙari har gumi ya keto masa.

Wannan gwajin manuniya ce kawai, ba shi ne hukunci ba. Tabbatarwa aikin masana ilimin yara masu buƙata ta musamman ne, irin waɗanda ake horarwa a Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero ta Kano. Kuma juya "b" ta koma "d" shi kaɗai ba hujja ba ne, yara da yawa suna yin haka har zuwa wajen shekara bakwai.

Labari mai daɗi shi ne mu Hausawa mun yi sa'ar rubutu. A Turanci baƙi ɗaya na iya ba da sauti uku ko huɗu, wasu baƙaƙen ma rubuta su ake yi ba a furtawa. A Hausar boko kuwa "ka" kullum "ka" ce. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2001 ya kwatanta masu disleksiya a Italiya da Faransa da Ingila. Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwarsu iri ɗaya ne, amma 'yan Italiya sun fi iya karatu, saboda rubutunsu, kamar namu, yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Saboda haka ra'ayina, kuma na san masu makarantun kuɗi ba za su so shi ba, yaron da ke fama a fara masa da Hausa. In ya gane sirrin cewa alama na wakiltar sauti, zai ɗauki wannan sirrin ya shiga Turanci da shi.

Amma mu ma muna da namu tarkon. Ku dubi b da ɓ da d da ɗ, 'yan'uwa huɗu masu kama da juna, sai k da ƙ. "Baki" daban, "baƙi" daban, ɗan lanƙwasa ne kawai ya raba su. Sannan ba ma nuna tsawon wasali ko karin sauti a rubutu, shi ya sa "gari" na tuwo da "gari" na mutane, ko "kuka" ta miya da "kuka" na hawaye, duk rubutunsu ɗaya, sai jimla ta raba gardama. Mai koyar da irin waɗannan yara dole ya san da wannan.

Yadda ake koyarwar ba wani asiri ba ne, haƙuri ne da tsari. Tun shekarun 1930 wani likita Ba'amurke, Samuel Orton, da wata malama, Anna Gillingham, suka shimfiɗa hanyar da har yau ake gini a kanta: a koyar da sauti ɗaya bayan ɗaya, a bayyane, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kuma yaro ya gani, ya ji, ya faɗa, ya taɓa. Da na karanta wannan a karon farko sai na tuna makarantar allo. Malam na rubuta baƙi, almajiri na bin sa da yatsa yana faɗa da ƙarfi, ana fara babbaƙu kafin a shiga farfaru, kuma ba a wanke allo sai karatun ya zauna. Kakanninmu sun san wani abu. Inda ake samun giɓi shi ne yaro mai kaifin kunne zai haddace abin da ke kan allon ya riƙa biyawa, yatsansa na tafiya amma ba karantawa yake yi ba, kuma a ɗau shekaru ba a gane ba.

Ga yadda muka tsara da Hajiya da wata malamar firamare maƙwabciyarta da ta taɓa samun horon koyar da sautin baƙaƙe. Minti ashirin kullum bayan Magariba, ba awa biyu ranar Lahadi ba. Baƙi ɗaya ko biyu a mako. An fara da a, k, m, n, t, domin da su kaɗai ana iya gina "kaka", "mama", "nama", "makama", "tana", yaro ya ji daɗin ya karanta kalma ta gaske tun makon farko. Sautin ake koya masa, ba sunan baƙin da Turanci ba. Yana rubuta baƙin a faranti mai yashi da yatsa yana furtawa, wani lokaci ya murza shi da laka. Aka koyar da "b" ita kaɗai, aka bar "d" sai bayan makonni, masu lanƙwasa kuwa can gaba. Kowace rana ana fara da maimaita na jiya. In ya yi kuskure ba a cewa "ba haka ba ne, daƙiƙi", ana cewa "sake duba baƙin farko, me yake cewa?" Kuma ƙanwar ba ta zama a wurin, domin babu abin da ke karya zuciyar yaro kamar ƙaramarsa ta riga shi ba da amsa.

Sannan a ci gaba da karanta masa labarai da baki, a bar shi ya saurari rediyo da karatun da aka naɗa a waya, domin iliminsa da yawan kalmominsa kada su tsaya jiran idonsa. A makaranta kuma a roƙi malami abu uku: ya zaunar da shi a gaba, kada ya tashe shi ya yi karatu a gaban aji ba shiri, kuma a ƙara masa lokaci a jarrabawa ko a yi masa wasu tambayoyin da baki. Najeriya na da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a watan Janairu 2019, saboda haka wannan ba alfarma ce ta wuce gona da iri ba.

A matsayina na mai harhaɗa magunguna, bari in faɗa ƙarara: babu ƙwaya, babu ruwan kwalba, babu allura da ke maganin disleksiya. Man kifi da bitamin suna da amfaninsu ga wanda jikinsa ya rasa su, amma ba sa koya wa yaro cire "ku" daga "kujera". Tabarau masu launi da motsa jikin ido da ake tallatawa, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka da ta likitocin ido sun fitar da matsaya a 2009 cewa babu hujjar suna aiki. Wasu yaran suna haɗa disleksiya da larurar rashin natsuwa, wannan tana da magani, amma ƙwararren likita ne kaɗai ke rubuta shi bayan bincike, ba a kan kanta ake saye ba. Addu'a kuwa ba mai hana ki, ki yi ta, ki haɗa da minti ashirin ɗin nan. Zuma da zabibi abinci ne mai kyau, in da hali a ci.

Wanda ya fi wuyar shawo kai shi ne uban. Ya zo da kansa wata rana sayen maganin hawan jini, ya ce, "Malama, ni ma da bulala na yi karatu." Na ce, "Alhaji, da yaron nan ƙafa ce ta karye, za ka doke shi don ya yi gudu?" Bai amsa ba, ya karɓi maganinsa ya fita. Hajiya ta gaya mini daga baya cewa dukan ya tsaya, ko da yake har yanzu yana cewa asarar kuɗin makaranta ake yi.

Yanzu wata biyar ke nan. Yaron bai zama na ɗaya a aji ba, kuma mai yiwuwa har girmansa karatu zai riƙa cin masa lokaci fiye da sa'o'insa, domin disleksiya ba warkewa take yi ba, dabarun zama da ita ake koya. Turanci har yanzu yana ba shi wuya sosai, "d" da "ɗ" kuma suna rikita shi in ya gaji. Shekaranjiya an aiko shi sayen maganin mura. Yana jiran canji sai na ga ya ƙura wa takardar da muka manna a jikin kanta ido, leɓensa na motsi. Ya ɗau kusan minti guda, sannan ya ɗago ya ce, "Anti, wai 'ba a ba da bashi' aka rubuta?" Na ce haka ne. Ya ce, "To ai Mama ta ce in ce ki rubuta, za ta aiko gobe."

Na rubuta. Sai mun haɗu a mako mai zuwa kan batun ajiye maganin ruwa, in Allah Ya kai mu.